Kwana a tantin alfarma cikin dawa: me ake saya da wannan kuɗi haka?

Tambayar ta zo ne daga wani dattijo a Gombe, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. 'Ya'yansa sun haɗa kuɗi za su tura shi hutu Kenya tare da Hajiya, su yi kwana huɗu a wani ɗan ƙaramin sansani na tantuna a tsakiyar dawa. Da ya ji kuɗin kwana ɗaya sai ya ce a dakata tukuna. Ga yadda ya faɗa: "Ni da na tashi a ruga, na kwana a bukka har na yi wayo, yanzu da tsufana in biya dala don in kwana a tanti? Me ke cikin tantin nan? Namun daji ba za su shigo mana ba? Yaya salla, yaya abinci? Kuma me ya hana mu je Yankari da ke nan bayan gida?"

Baba Alhaji, ranku ya daɗe. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa yaran nan albarka. Na yi shekaru ina zagayawa da baƙi a Yankari kafin in koma shirya wa mutane tafiya gabashin Afirka, kuma na kwana a irin waɗannan tantuna, na kirki da na banza. Zan faɗa muku abin da idona ya gani, ku da Hajiya ku yanke shawara.

Ku cire tantin sojoji ko rumfar biki daga ranku. Tunda kun sauke farali, ku tuno tantunan Mina, sai dai wannan ku biyu ne rak a ciki, ba mai taka muku ƙafa da dare. Ɗaki ne sosai, ya kai girman falon mai rufin asiri, bangonsa tamfol mai kauri, an kafa shi bisa dandamalin katako. Akwai gado na gaske da katifa da bargo, ga kujeru biyu a baranda suna fuskantar fili ko kogi. Tagogin raga ne, iska ta shiga sauro ya tsaya a waje, ƙofa kuma zif ne ake ja daga sama har ƙasa. Ta baya akwai banɗaki a haɗe, da masai mai jan ruwa da wurin wanka. A sansanonin da ake tayarwa idan ruwa ya sauka, wankan na bokiti ne: ku faɗa wa mai kula da tanti lokacin da kuke so, ya dafa ruwa ya sirka, ya zuba a wata jakar tamfol mai cin kamar lita 20, ya ja ta sama da igiya ta waje, ya yi muku sallama ya ce ruwa ya samu. Ku murɗa famfo ya zubo ta kanku. Turawa har hoto suke ɗaukar wannan abu. Mu da muka girma da bokiti da moɗa sai dai mu yi murmushi mu wuce.

To, in don tantin ne kaɗai, gaskiyarku, kuɗin ya yi yawa. Ƙananan sansanonin alfarma a Kenya da Tanzaniya sukan fara daga wajen dala 500 su haura 1,500 a kwana guda, gwargwadon wuri da lokacin shekara. A lura da kyau, wannan kuɗin mutum ɗaya ne, ba na ɗaki ba kamar yadda muka saba a otal. Ku da Hajiya ninki biyu ke nan. Na ga wanda bai gane haka ba sai da takardar biya ta zo, ya kira ni yana salati.

Wani ɓangare na tsadar lissafi ne kawai. Sansani irin wannan tantunansa shida ne zuwa goma, baƙi ba sa wuce ashirin ko ya cika maƙil, amma ma'aikata sukan ninka baƙin: masu dafa abinci, masu wanki, masu gadi, makanike, direbobi. Daga gishiri har gas ɗin girki a mota ake kawowa ta hanyar da ke cin taya. Wuta ta hasken rana ce da batura. Da yawansu suna rufewa a Afrilu da Mayu lokacin babban ruwa, don haka kuɗin wata goma ne ke riƙe da su shekara. A cikin abin da kuka biya galibi akwai abinci sau uku, da wanki, da fita kallon dabbobi safe da yamma. Sai kuma kuɗin shiga gandun. Tun 2024 baƙo ɗan ƙasar waje yana biyan dala 100 a rana don shiga Masai Mara, sanannen gandun namun dajin Kenya, daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Yaran su tambaya a rubuce ko wannan na cikin kuɗin da aka ce musu, domin a nan ake yawan yi wa mutane rufa-rufa.

Amma babban abin da ake sayarwa a can shi ne rashin mutane. Mu da muke ganin daji kyauta muna iya jin wannan kamar zolaya, don haka bari in ba da misali. Masai Mara murabba'in kilomita 1,510 ne, bai ma kai Yankari girma ba. Daga Yuli zuwa Oktoba wasu dabbobi masu kama da saniya mai gemu, waɗanda Swahili ke kira nyumbu, sukan ƙetaro daga Serengeti ta Tanzaniya, sun fi miliyan guda, tare da jakunan dawa, su faɗa kogin Mara kadoji na jiransu. Duk duniya wannan ake zuwa gani. Na taɓa tsayawa a bakin kogin nan na ƙirga motoci sama da talatin, kowa na neman gaba, ƙura ta turnuƙe, direbobi na yi wa juna ihu, sai ka ce tashar Dukku da hantsi. Dabbobin ma suka fasa ƙetarawa suka juya. Wanda ya sauka a babban otal mai ɗaki ɗari irin wannan kallon zai yi, ya dawo gida yana cewa ai ba wani abu ba ne.

Ƙananan sansanoni na kirki da yawansu suna cikin filayen da ke kewaye da gandun, irin su Mara North da Naboisho da Olare Motorogi. Filayen na Masai ne, makiyaya, masu shanu kamar Fulaninmu. Masu sansani suna biyan iyalan hayar ƙasa wata-wata, a kan sharaɗin ba za a yi shinge ba, ba za a yi noma ba, kiwo kuma a yi shi bisa tsari, yau nan gobe can. An ƙayyade yawan gadajen da za a kafa, an ƙayyade motocin da za su tsaya kan dabba ɗaya, huɗu ko biyar. Wanda bai kwana a nan ba, ba ya shiga da mota. A nan ne za ku zauna minti arba'in gaban zakanya tana lasar 'ya'yanta, ba motsin kowa sai naku. A nan ne kuma aka yarda a fita da dare da fitila, ko a taka da ƙafa tare da mai gadi, abin da ba a bari a cikin gandun gwamnati. Kuɗin hayar nan daga aljihunku yake fita, kuma shi ne ya sa makiyayi yake haƙuri da zakin da ya kashe masa maraƙi maimakon ya sa masa guba. Ku da kuka tashi a ruga kun fi ni sanin nauyin wannan haƙurin.

Abu na biyu da ake saya shi ne jagora, wato direban da ke fita da ku. Shi ne rabin tafiyar. Na banza rediyo yake saurare, ya ji inda sauran motoci suka taru ya bi su a guje. Na kirki yakan kashe mota ya yi shiru. Ya ga barewa duk sun daina kiwo sun zuba ido gefe guda, ya ji biri na tsawa a kan itace, ya duba sawu a kan rairayi ya ce wannan damisa ce, ta wuce bayan raɓa ta sauka, tana ɗauke da abu. Sai ku bi a hankali ku same ta a reshe da naman da ta hau da shi. A Kenya akwai jarrabawar da ƙungiyar jagorori ke yi, mai mataki uku, tagulla da azurfa da zinariya. Ba laifi a tambayi matakin wanda za a ba ku. Ina kuma kyautata zaton za ku shaƙu da su fiye da yadda Bature zai shaƙu, domin yawancinsu 'ya'yan makiyaya ne. Ku tambayi ɗaya lafiyar shanunsa, ku ga yadda fuskarsa za ta sake. Harshen ma ba zai yi muku baƙunta gaba ɗaya ba. Asubuhi ita ce safiya, habari shi ne labari, sabuni sabulu, ita kanta kalmar safari 'yar'uwar safararmu ce, duk daga Larabci suka fito.

Ga yadda yini yake tafiya. Wajen biyar da rabi na asuba za a kawo muku shayi bakin tanti. Shida da 'yan mintuna kun hau mota, buɗaɗɗiya ce ta gefe, da bargo a kan kowace kujera. Kada ku raina bargon. Mara tudu ce, ta haura mita 1,500 sama da teku, sanyin safiyarta ya yi kama da na Jos a watan Janairu, kuma iskar mota na ƙara shi. Karin kumallo sau da yawa a dawa ake yi, a shimfiɗa a gaban mota ƙarƙashin itace. Sha ɗaya kun dawo, a ci abinci, a yi ƙailula, domin dabbobin ma sun shige inuwa. Bayan la'asar a sake fita har faɗuwar rana. Da dare a hura wuta a tsakar sansani, a zauna kewaye da ita, a ci abinci a tebur ɗaya da sauran baƙi, ko in kun fi so a kai muku barandarku. Tara da rabi kowa ya kwanta. Babu talabijin. Intanet in akwai, a tantin cin abinci yake, yana zuwa yana ɗaukewa.

Sai dare, wanda shi ne abin da ba a samu a ɗakin siminti. Darena na farko a irin wannan tanti, a bakin wani kogi, na farka wajen ƙarfe biyu na ji ana fizgar ciyawa daf da kaina, ɓarat, ɓarat, sai a tauna, sai a yi wani dogon numfashi. Tsakanina da mai numfashin tamfol ne kawai. Na kwanta kamar gawa ina karanta duk abin da na haddace. Can sai na ji tafiya mai nauyi ta nufi ruwa, sai tsulum. Da safe mai gadi ya nuna mini sawun, kowanne kamar faranti, yatsu huɗu: dorina ce ta fito kiwo, taku uku daga gadona. Dariya ya yi, ya ce kullum nan take bi, tun kafin a kafa tantin. Dare na biyu kuma zaki ne ya yi ruri, na rantse yana bayan banɗaki, ashe yana ƙetaren kogi da nisa. Rurin zaki na kai kilomita 8 idan dare ya yi tsit. Zuwa dare na uku ina barci har da minshari.

Wannan ya kawo mu kan tsoronku. Yawancin waɗannan sansanoni ba su da shinge, dabbobi na ratsawa ta ciki yadda suka ga dama. Abin da ke kare mutum shi ne dabba tana ɗaukar rufaffen tanti kamar dutse ko suri, abu guda da za ta kewaye. Muddin zif na rufe har ƙasa, kuna ciki, ba ruwanta da ku. Haɗarin yana wajen fita. Dokar ko'ina ɗaya ce: daga magariba zuwa wayewar gari ba a taka waje sai da mai gadi, wanda suke kira askari. Za a ba ku fitila ko 'yar rediyo ko usur, ku yi alama ya zo ya raka ku, ko da tafiyar taku ashirin ce. Kuma ba zaki ne ya fi ba masu gadin tsoro ba. Tsohon ɓauna da garke ya kora, wanda ke kwanciya shi kaɗai cikin duhuwa, da dorinar da aka shiga tsakaninta da ruwa, su ne ba sa gargaɗi. Kada a ajiye abinci a tanti. Kilishi ko dambun naman da Hajiya za ta so ta riƙo, ƙamshinsa gayyatar kura ce, kura kuwa har takalmin fata tana ɗauka in an bar shi a baranda. Yaji da goro a miƙa wa masu kicin su ajiye. In an kiyaye waɗannan, ni dai hanyar Gombe zuwa Bauchi da daddare ta fi ba ni tsoro.

Maganar salla, ga abin da ba za ku gani a takardar talla ba. Ku tafi da butarku. Banɗakunan an yi su ne don Turawa, takarda ce kawai a ciki. Ƙaramar butar roba da dardumar tafiya ba su da nauyi. Alwalar asuba a banɗakin cikin tanti za a yi, salla ma a ciki, kada a ce za a fita baranda cikin duhu. Wurin yana kan tsakiyar duniya, don haka lokuta ba sa motsi sosai duk shekara: alfijir wajen biyar da kwata zuwa da rabi, rana ta fito wajen shida da rabi, ta faɗi bayan shida da rabi na yamma. Kuna idar da asuba shayi na isowa. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Abin da ya fi rikita mutanenmu shi ne alƙibla. Mu nan gabas muka sani, har kalmar ta zame mana sunan alƙibla. A can Makka tana arewa, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Na ga dattijon da ya yi sallolin yini biyu yana fuskantar mafitar rana kafin wani mai dafa abinci, Musulmi daga bakin teku, ya gyara masa cikin ladabi. Magariba takan riske ku a mota. Ku faɗa wa jagora tun da rana, zai tsaya a fili mai sarari inda yake ganin ko'ina, ya tsaya yana dubawa ku yi sallarku. Ba su ɗaukar wannan baƙon abu. Batun ƙasaru kuwa, a Malikiyya ya rataya ne kan ko an yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, sai ku lissafa da malaminku tunda kwanakinku a kan gaɓa suke.

Abinci na Turawa ne, miya-miya da gasasshen nama da kayan lambu da burodin da suke gasawa a nan, kuma sun iya. Amma akwai naman alade a karin kumallo, akwai giya, har wasu girke-girken da ita ake yi. Al'adarsu ce idan rana za ta faɗi a tsaya a wani tudu a buɗe kwalabe. Ku a ba ku shayi ko lemo, ba mai kallon ku. Abin da ya wajaba shi ne yaran su rubuta wa sansanin tun kafin a biya: naman halal, ba alade, ba giya a girki, tukunya daban. Sansanin kirki zai amsa dalla-dalla, ya faɗi inda yake sayen nama, domin Nairobi cike take da mahauta Musulmi. Wanda ya amsa da "ba matsala" kawai ya yi shiru, a sake tambayarsa. In zuciya ba ta kwanta ba, kifi da ƙwai da wake da shinkafa sun ishi mutum kwana huɗu. Tunda kuma ba kwa shan giya, a nemi ragi. Wasu suna yi, wasu ba sa yi, tambaya ba ta ɓata komai.

Kaya kaɗan. Daga filin jirgin Wilson a Nairobi ƙaramin jirgi ne ke kai mutane Mara cikin kamar minti 45, ya sauka a filin tsakuwa, kuma kilo 15 aka yarda wa kowa, a jaka mai laushi, ban da akwati mai tauri. Ta mota awa biyar zuwa shida ne ta Narok, ban ba dattijo shawarar haka ba. A bar farar babbar riga a gida, ƙura za ta ci ta, kuma tana haskawa daga nesa. Baƙi da shuɗi suna jawo ƙudan tsando inda yake, don haka Hajiya ta nemi hijabi ruwan ƙasa ko ruwan toka maimakon baƙar abaya. Kada a zuba komai a leda, Kenya ta haramta ta tun 2017. A riƙe katin rigakafin shawara. A ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro, kada a ce ai mun saba. In akwai hawan jini ko ciwon suga a tafi da magani fiye da na kwanakin, in akwai allurar da ke son sanyi a tabbatar suna da firji mai aiki dare da rana. Asibiti na da nisa, saboda haka a yanki inshorar ɗauko majiyyaci ta jirgi. AMREF Flying Doctors sun daɗe suna wannan aiki daga Nairobi, kuma kuɗin 'yan kwanaki ba shi da yawa. In Hajiya na fama da gwiwa ko baya, a roƙi tantin da ya fi kusa da wurin cin abinci, a kuma ba ta kujerar gaba kusa da direba, domin ta baya tana jijjiga mutum kamar an sa shi a rariya.

Wani kuskure da na taɓa yi, don kada yaran su maimaita. Farkon shigata wannan sana'a na kama wa wasu mutum biyu wuri saboda araha da kyawun hoto. Sunan gandun na jikin sunan sansanin, tantunan kuma tsaf. Da muka isa ashe yana wajen ƙofa, a gefen wani ƙauye mai shaguna. Maimakon rurin zaki, janareto da kiɗan mashaya muka kwana ji. Kullum da safe sai mun yi kusan awa guda a hanya da layin ƙofa, kafin mu shiga rana ta take, masu farauta sun kwanta. Na sayi kifi a ruwa, kunya kuma ni na sha ta. Tun daga ranar tambayata ta farko ita ce a nuna mini wurin a taswira, ta biyu tantuna nawa ne, ta uku mutum nawa ake zubawa a mota ɗaya. In sun wuce shida, wani yana tsakiya ba ya ganin komai sai ƙeyar wani.

Yanzu Yankari. Baba, kun taɓo inda yake mini daɗi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a Disamban 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Yana riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwa na ƙarshe a Najeriya, da 'yan zakunan da suka rage, ga ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, ga dorina da kada a kogin Gaji, tsuntsaye sun fi iri 350. A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fara aiki da gwamnatin jiha wajen sintiri da kare giwayen. Ruwan Wikki kuma, mai ɗumin digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau har kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi, ban ga irinsa a duk inda na je a gabashin Afirka ba. Akwai kogwannin Marshall guda 59 waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey sama da ɗari.

Sai dai abu biyu ne daban, kada in yaudare ku. Masaukin Wikki ɗakuna ne na gini, sun fi ɗari, wuri ne na jama'a da ɗalibai da iyalai. Dajin kuma mai itatuwa ne, kawo da marke da doguwar gamba, giwa na iya tsayawa taku talatin daga hanya ba ku gan ta ba. Mara fili ne fetal, ido na kai wa inda ya gaji. A Yankari kuna iya kwana biyu ba ku haɗu da giwa ba, zaki kuwa sai mai rabo. A Mara da wuya ku yi kwana uku ba ku ga zaki ba. Raƙumin dawa da jakin dawa babu su a Yankari, sai a Sumu ta ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka kawo su daga Namibiya a 2006. In kuma tantin ake so a daji irin namu, akwai Zakuma a Cadi, wadda ƙungiyar African Parks ke gudanarwa tun 2010, bayan mafarauta sun rage giwayenta daga wajen 4,000 zuwa ɗari huɗu da wani abu. Yanzu suna ƙaruwa. Suna kafa tantuna da rani kawai, su tayar kafin ruwa ya mamaye dajin. Amma tafiyar ta fi wuya, zafin Maris a can kuma ba na dattijo ba ne.

Shawarata, kada ku zaɓi ɗaya ku bar ɗaya. Ku fara da Yankari, ku mai da ita gwaji, tunda kuɗinta bai kai na kwana guda a can ba. Ku je tsakanin ƙarshen Fabrairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobi suka taru a Gaji. A tsakiyar mako, ba lokacin hutun Salla ko Kirsimeti ba. Ku yi kwana biyu, ku fita da sassafe, ku sake fita da yamma. Sannan ku lura da kanku. In an yi awa biyu ba a ga komai ba sai gwanki uku da burtu yana tafiyarsa ta ƙasaita, kuka ji ranku fari, kuna tambayar jagora sunan wancan tsuntsu, Hajiya kuma ba ta ce a koma ba, to ku bar yaran su biya, za ku ci moriyar kowace dala, kuma ku zaɓi Janairu zuwa Maris ko watan Yuni, lokacin da kuɗi ke sauka, motoci ke raguwa, zakuna kuwa suna nan ba inda suke zuwa. In kuwa kuka tsinci kanku kuna duba agogo kuna neman sabis a waya, ku gaya musu gaskiya. Kuɗin nan zai kai ku Umra ku biyu, kuma ba wanda zai ce kun yi asara.

Daga Gombe ku taso bayan asuba, ku wuce Alkaleri, a Dindima ku karya hagu zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofa zuwa Wikki akwai sauran kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji, a tafi a hankali, don tun a nan ake fara ganin dabbobi. Ku cika tanki kafin ku bar babban titi. Da kun isa a ɗaga gilashi a kulle mota kafin a fara sauke kaya, Hajiya kuma ta riƙe jakarta da kyau. Birran Wikki sun san ƙarar leda, kuma sun iya buɗe ƙofa.